Motar da ke shan ruwa a garin ƙishirwa

A watan Afrilun da ya wuce, lokacin da zafin Damagaram ke haura digiri 40 tun kafin la'asar, na biya ta garejin wani tsohon ɗalibina a Sabon Gari. Na tarar da shi ya kifa kai cikin wata mota mai turbo, ga ƙaramin tanki na roba da famfo da siririn tiyo a shimfiɗe kan kwali. Na tambaye shi abin da yake haɗawa. Ya ce, "Mushe, ruwa zan riƙa ba ta." Dariya ta kama ni, don a garin nan in an haɗa ruwa da mota a magana ɗaya, ƴan ruwa-ruwa masu sayar da mai a kwalba ne ke fara zuwa zuciya, da ƙorafin direbobi in sun yi zargin an yi musu gauraye. Ashe da gaske yake. Alhajin da ke da motar yana bin hanyar Tanout zuwa Agadez, ya gani a waya, ya yi odar kayan.

Ga yadda abin yake. Turbo yana amfani da hayaƙin da ke fita ya juya wata farfela da ke danna iska cikin injin. Iskar da aka matse kuwa zafi take yi. Duk wanda ya taɓa ba tayar keke iska ya ji famfon ya ɗumama a hannunsa. In zafin ya yi yawa, fetur kan kama wuta kafin lokacinsa, injin ya shiga ƙwanƙwasa, a hankali fistan ya lalace. To sai a fesa ruwa kamar hazo a bututun shigar iska. Kilo ɗaya na ruwa yana kwashe zafi kusan kilojul 2,260 kafin ya zama tururi, ninki biyar da wani abu na zafin da ake bukata a ɗauke shi daga sanyin ƙanƙara zuwa tafasa. Dabarar randa ce dai: tana tsatsafo, iska na busar da jikinta, ruwan ciki na yin sanyi. Da randa nake koyar da wannan darasi tun ina makarantar horar da malamai, ban taɓa zaton zan gamu da shi a gareji ba.

Tambayata ɗaya gare shi ita ce: wa zai riƙa cika tankin? Na yi ta ne saboda tarihin dabarar da tarihin garinmu duk a nan suke haɗuwa.

A ranar 28 ga Oktoban 1924 motoci takwas na kamfanin Citroën suka tashi daga Colomb-Béchar a Aljeriya, ƙarƙashin Georges-Marie Haardt da Louis Audouin-Dubreuil. Ƙafafunsu na baya sarƙar roba ce don kada rairayi ya riƙe su. Suka ratsa hamada, suka biyo ta Yamai, suka iso Zinder kafin shekarar ta ƙare, zamanin Sarki Barma Mustafa. Garin da suka tarar shi ne hedkwatar mulkin Faransa a Nijar tun 1911. Shekara biyu bayan wucewarsu, a 1926, Gwamna Jules Brévié ya mayar da hedkwatar Yamai, bakin kogi. Dalilan suna da yawa, har da kusancinmu da Kano da ke hannun Ingilishi, amma ƙarancin ruwa na cikin waɗanda aka fi ambata. Kan dutse garin yake zaune, ƙasarsa ba ta riƙe ruwa sosai. Shi ya sa har yau daga wajen gari ake turo mana shi, daga Gogo da Machaya da Aroungouza da Ganaram, kuma duk bazara ƴaƴanmu sun san layin jarka. Mun samu matatar mai ta SORAZ a 2011 mai tace ganga 20,000 a rana, amma famfon gidana bai san da wannan ba.

Ita kuwa dabarar feshin, a yaƙin duniya na biyu ta yi suna. Jamusawa sun sa wa jiragensu na yaƙi irin su Messerschmitt Bf 109 wani haɗi da suka kira MW 50, rabi ruwa rabi metanol, wanda matuƙi kan buɗe na kamar minti 10 in yana neman tsira ko yana bin abokin gaba. Amurkawa ma sun yi haka a jirgin P-47 Thunderbolt. Amfanin metanol biyu ne: yana ci da wuta kamar mai, yana kuma hana ruwan daskarewa a sanyin sama. Na biyun bai shafe mu ba, ko a tsakiyar hunturu. Abin lura shi ne, a can soja ne ke cika tankin kafin kowace tashi, aikinsa ke nan, in ya manta akwai mai tuhumarsa.

Da aka kawo dabarar hannun farar hula sai labari ya sauya. A 1962 kamfanin Oldsmobile na Amurka ya fitar da Jetfire, ɗaya daga cikin motocin farko masu turbo da aka sayar wa jama'a, da tankin ruwa da metanol da maganin tsatsa. Masu motar suka riƙa barin tankin ya bushe. In ya bushe, motar da kanta take rage ƙarfin turbo don kare injin, su kuma su koma wurin dillali suna cewa ba ta ja. Shekara biyu aka yi aka daina ƙera ta, ba a kai 10,000 ba, daga baya ma aka cire wa da yawa turbon gaba ɗaya. A 2016 ma BMW ya gwada dabarar a M4 GTS, da tankin lita 5 na tataccen ruwa zalla a bayan mota.

Ban raina aikin yaron nan ba. Garin da maƙeransa suka zuba igwa a zamanin Sarki Tanimun ba zai kasa ɗaura famfo ba. Ya sa bakin feshin bayan na'urar sanyaya iska, ya haɗa famfon da ma'aunin matsi yadda ba zai tashi ba sai turbo ya ɗauka, ya sa abin da zai hana ruwa tsiyaya cikin injin in mota na tsaye, don ruwa ba ya matsuwa, in ya cika silinda ƙarfe ne zai lanƙwashe. Duk daidai. Amma bakin feshin nan ramin allura ne, ruwan rijiya zai toshe shi da gishiri. Tataccen ruwa irin na batir yake so, kuma tsakanin Tanout da Aderbissinat ban ga direban da zai tsaya nemansa ba. In aka ƙara wa injin matsi bisa dogaro da feshin, ranar da ya toshe ita ce ranar da fistan zai ƙone.

Abin da ya fi tsaya mini a rai ma ba injin ba ne. Metanol fari ne tas kamar ruwa, ɗan kaɗan yana makantar da mutum, fiye da haka ya kashe, in ya kama wuta da rana da ƙyar ake ganin harshenta. Na gan shi cikin robar ruwan sha mai lita ɗaya da rabi, a ƙasa, kusa da butar alwala, a garejin da yara ƴan koyo huɗu ke kai da komo cikin ƙishi. Iyaye da yawa cikinmu sun kai ƴaƴansu irin wannan wuri koyon sana'a.

Na ce masa, "Ɗana, kawo fenti." Ya juye shi cikin jarkar ƙarfe, muka rubuta GUBA da boko da ajami, ya kulle a akwatin kayan aiki. Na kuma ba shi shawara ya sa fitilar da za ta kama gaban direba in tankin ya kusa ƙarewa, kada kuma ya taɓa matsin turbon. Ya ce Alhaji dai gudu ya biya kuɗi a ƙara masa. Na ce ya ba shi lambata.