Kakanninmu da Suka Yi Tattaki Zuwa Ƙarshen Zamani



A 'yan shekarun nan matasanmu na Maiwurno da Sinnar da ƙauyukan Jazira sun shaƙu da ƙagaggun labaran kimiyya, waɗanda suke karantawa da Larabci a wayoyinsu ko suke kallo a fina-finai. Jigon da ya fi jan hankalinsu shi ne na duniyar da ta doshi rugujewa, sai wani ya hango abin da ke tafe, ya ratsa zamani gaba ko baya domin ya tserar da 'yan Adam. Dattawa sukan ce tatsuniyar Turawa ce kawai. Mu kuwa a ganinmu, in akwai al'ummar da ta fi cancantar fahimtar waɗannan littattafai, to mu ne, domin zamanmu a bakin Nilu ya samo asali daga mutanen da suka sakankance sun san abin da gobe za ta haifar, suka ɗaure kaya a kan wannan sani.

Bari mu fara da littattafan. A 1895 marubucin Ingila H. G. Wells ya fitar da labarin wani mai ƙere-ƙere da ya haɗa na'urar ratsa zamani, ta kai shi shekara ta 802,701. Can ya tarar 'yan Adam sun rabu gida biyu, raunana masu hutu a doron ƙasa da wasu mazauna ramuka masu farautarsu da dare. Ya ga ƙarshen, amma bai ceci 'yan Adam ba. A 1951 kuma Isaac Asimov na Amurka ya fitar da Foundation, inda wani masanin lissafi, Hari Seldon, ya gano daular da ke mulkin taurari za ta faɗi, duhun jahilci na shekara 30,000 ya biyo baya. Da ya ga faɗuwar ba ta da makawa, sai ya tura ayarin masana can gefen duniyar taurari su adana ilimi, domin duhun ya taƙaita zuwa shekara 1,000. Har ya naɗi jawabai da za a riƙa buɗe wa jikoki bayan mutuwarsa. A Hausa ma, tun 1969 Umaru Dembo ya kai mai karatu sararin samaniya cikin Tauraruwa Mai Wutsiya. Kafin duk waɗannan, kowane almajirinmu ya san ƙissar Ashabul Kahfi, samarin da suka gudu da addininsu, suka yi barcin shekara 309, suka farka da tsohon kuɗi a hannu cikin zamanin da bai san su ba.

To, ina alaƙarmu da wannan? Malaman ƙasar Hausa sun daɗe suna nazarin alamomin ƙarshen zamani. Sun karanta Imam Suyuɗi na Masar, wanda ya rasu a 1505, wanda kuma ya yi hasashen cewa wa'adin al'umma zai wuce shekara 1000 ta Hijira amma ba zai haura 1500 ba. Saboda haka duk lokacin da sabon ƙarni ya kama, zukata sukan tashi da begen bayyanar Mahadi. Shehu Usmanu Ɗanfodiyo ya fito fili ya ce ba shi ne Mahadi ba, amma ya tabbatar wa jama'arsa cewa yana tafe. Ɗansa Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ya rubuta wa Modibbo Adama cewa ya aika mutane wajen Wadai da Darfur da bakin Nilu su riƙa sauraron labari, domin Shehu ya faɗa musu jama'arsa za ta yi ƙaura zuwa can. Da mutane suka fara kwarara gabas tun kafin lokaci, Maryam 'yar Shehu ta rubuta wa Sarkin Kano cewa sa'ar hijira ba ta yi ba tukuna. Wato ƙaurar tana rubuce a zukata shekaru da dama kafin a ɗaura wa jaki mangala.

A 1881 Muhammad Ahmad ya ayyana kansa Mahadi a tsibirin Aba, daf da kamawar shekara ta 1300, kuma a 1885 Khartum ta faɗa hannunsa. Hayatu ɗan Sa'idu, jikan Bello, ya yi masa mubaya'a daga Adamawa, amma fadar Sakkwato ba ta bi ba. Abin da ya girgiza kowa shi ne zuwan Nasara. Kano ta faɗi a Fabrairun 1903, Sakkwato ta bi baya ranar 15 ga Maris. A nan shugabanni suka rabu kan tambayar da ke zuciyar duk waɗancan littattafai: idan rushewa ta zo, yaya ake tserar da al'umma? Waziri Buhari ya zaɓi zama, ya yi sulhu da Turawa domin kada talakawa su rasa alƙali da limami, ya kuma rubuta hujjojinsa. Sarkin Musulmi Attahiru ɗan Ahmadu ya zaɓi hijira. Ya nufi gabas, manoma da malamai da mata da yara suka bar gonaki suka bi shi, har Turawa suka tsorata da yadda garuruwa ke zama kufai.

A Burmi, ƙasar Gombe, aka tare su. Ranar 27 ga Yulin 1903 Attahiru ya kwanta dama tare da ɗaruruwan mabiyansa. Ɗansa Muhammadu Bello Maiwurno ya ja ragowar jama'a, Fulani da Hausawa da wasu ƙabilu, suka keta ƙasashen Cadi da Darfur a ƙafa, har wajen 1906 suka sauka kusa da Shaikh Talha a bakin Nilul Azrak, kudu da Sinnar. Garin da suka kafa shi ne yake ɗauke da sunansa har yau. Daga baya mahajjata masu tafiyar ƙasa suka yi ta yada zango a yankin, wasu zangon ya zame musu gida.

Sai dai gobe da suka tarar ba ita ce wadda suka karanta ba. Sun gudo daga Nasara, suka iske Nasara sun riga su, domin tun yaƙin Karari na 1898 daular Mahadiyya ta faɗi, Ingila ke riƙe da Sudan. Duniya ba ta tashi ba. A maimakon haka aka gama madatsar ruwa ta Sinnar a 1925, aka buɗe gonakin auduga na Jazira, 'ya'yan muhajirai suka zama ƙashin bayan noma da tsinkar auduga, yawancinsu a gonakin da ba nasu ba. Sanin Sa'a na Allah ne Shi kaɗai, lissafin bawa kuwa yakan kuskure. Duk da haka tattakin bai tashi a banza ba. Sun tsallako da allo da tawada, da sarauta, da harshe, da sana'a. Agashe da ake ci a kasuwannin Sudan daga hannunmu ya fito, sunansa ma Hausa ne. Hausarmu ta sha Larabci, amma tana nan a bakinmu kamar tsohon kuɗin Ashabul Kahfi, shaidar inda muka fito da lokacin da muka baro.

Yau rushewar da matasanmu ke karantawa a littafi ta shigo gida. Mun ga jinin da ya zuba a Rusairis da Damazin a Yulin 2022, da Wad al-Mahi a Oktoban shekarar, inda aka sake jefa mana kalmar baƙunta bayan fiye da ƙarni guda. Yaƙi ya ɓarke ranar 15 ga Afrilun 2023, ya ci Wad Madani a Disambar shekarar, ya kai Sinja a Yunin 2024. Jikokin muhajirai sun sake ɗaukar ƙunshi a ka. A irin wannan gudu, abin da ake fara rasawa shi ne tsofaffin takardu na ajami da ke cikin gafaka, da tsofaffin da suka ji labarin hanya daga bakin waɗanda suka taka ta.

Ba mu da na'urar da za ta mayar da mu Burmi mu sauya abin da ya faru. Abin da muke da shi na aika saƙo zuwa zamanin da ba za mu gani ba shi ne rubutu da naɗar murya, kuma wayar da ake karanta Asimov da ita tana iya duka biyun. Duk wanda ke da kaka a raye, a gida ko a sansanin gudun hijira, ya zauna gabanta ya tambaye ta daga wane gari aka taso, ta wace hanya aka biyo, wa aka binne a tafe. Ya naɗa, ya rubuta, ya ɗauki hoton kowace takarda, ya aika wa 'yan'uwa a wurare daban-daban, domin abin da aka ajiye a ɗaki ɗaya gobara ɗaya ke cinye shi. In kuma a cikin matasanmu akwai mai alƙalamin ƙaga labari, ga jigo nan a ƙofar gidansa: yarinya daga Maiwurno ta yau ta farka a Burmi daren 26 ga Yulin 1903, tana sane da abin da zai faru da safe da duk abin da zai biyo baya. Za ta ce musu su koma, ko su ci gaba?

Allah Ya jiƙan magabatanmu, Ya zaunar da Sudan lafiya.