Badujala a Akwatin Talabijin: Tarihin Shirye-shiryen Kiɗa a Arewa

Shirin kiɗa da waƙa na talabijin, irin wanda ake tara makaɗa da masu busa da 'yan rawa a dandamali ɗaya, mai gabatarwa yana kiransu bi da bi, ya yi tashe a Arewacin Nijeriya daga 1962 zuwa ƙarshen shekarun 1980. Waɗanda suka kalle shi suna yara yau sun yi furfura. In hira ta biyo ta kansa, sai ka ji ana cakuɗa abubuwa biyu da ba zamaninsu ɗaya ba: zaman makaɗan gargajiya a gaban kyamara, da kuma babbar ƙungiyar kiɗan zamani ta Bala Miller. Tsakanin farkon wancan da tashen wannan akwai shekaru sama da ashirin, kuma kowanne da tarihinsa.

Farkon talabijin a Nijeriya sananne ne. Ibadan ta fara a ranar 31 ga Oktoba 1959, Inugu ta biyo a 1960, Kaduna ta buɗe tata a watan Maris na 1962. Gwamnatin Jihar Arewa ta Sardauna ce ta kafa kamfanin BCNN tare da kamfanonin EMI da Granada na Ingila, aka sa wa tashar suna RKTV. Rediyon gidan ya yi nisan zango ƙwarai. Ta gajeren zango ana kama shi a Nijar da Gana da Chadi. Hoto kuwa bai wuce inda turakun tashar suka kai ba, wato Kaduna da Zariya da Kano da kewayensu. Saboda haka begen wannan shiri na mutanen birane ne, musamman 'ya'yan ma'aikata da maƙwabtansu da ke cika tsakar gida da daddare.

A shekarun farko tashar ba ta sha wahalar neman abin nunawa ba, domin makaɗan da rediyo ya riga ya fito da su suna nan. Mamman Shata da kalangunsa, Ɗan Maraya Jos da kuntiginsa, Haruna Uji da gurmi, Ahmadu Doka da Garba Supa da kukuma, Barmani Choge da ƙwaryar amada, duk sun zauna a gaban kyamara a lokuta daban-daban. Mai sauraro da ya shekara goma yana jin Ɗan Maraya, a talabijin ya fara ganin cewa duk wannan zaƙin yana fitowa ne daga ɗan gwangwani da aka rufe da fata, da tsirkiya ɗaya tak, a hannun mutum ɗaya da ba shi da ɗan amshi.

Ɗakin ɗaukar shiri ya sauya wa makaɗin Hausa sana'a ta hanyoyi biyu. Na farko lokaci: wanda ya saba jan waƙa ɗaya har sai ya ga dama, yanzu ga wani a bayan kyamara yana ɗaga masa hannu ya taƙaita. Na biyu ya fi nauyi. A fagen biki akwai uban gida, akwai sanƙira, akwai liƙi, kuma waƙar tana bin inda kuɗi ya fito. A ɗakin talabijin ba mai liƙi. Wannan ya buɗe ƙofa ga waƙoƙin faɗakarwa da na halin zaman jama'a, waɗanda hukuma ke so, kamar lokacin komawa tuƙi a hannun dama a 1972 da canjin kuɗi zuwa naira da kwabo a 1973.

Kiɗan ƙaho da jita kuwa ta wata hanya ya shigo. Bahaushe ya san shi tun zamanin Turawa a wurin badujalar soja da ta 'yan sanda, ya kuma ji shi a otal-otal da gidajen rawa na Sabon Gari da Jos da Kaduna, inda masu kiɗan highlife daga Kudu da Gana ke kwana suna busa. A Ikko, Bobby Benson da Victor Olaiya sun mai da shi sana'a mai daraja, kuma a shekarun 1970 Art Alade yana gabatar da Bar Beach Show a talabijin. Abin da ya rage shi ne wanda zai sa wa wannan kiɗa harshen Hausa ya kuma tsaya da shi a gaban ƙasa baki ɗaya.

Bala Miller ne ya yi wannan. An haife shi a Pankshin a 1928, ɗan wani limamin cocin Angilikan daga cikin Hausawa Kiristocin Zariya. A Lakwaja, inda aka tura mahaifinsa aiki, ya fara taɓa kayan busa na Turawa a ƙungiyar coci. Ya yi karatu a makarantar CMS Grammar School ta Ikko, ya bi badujalar Calabar Brass Band zuwa bukukuwa, ya busa ƙaho a ƙungiyar Samuel Akpabot, ya kuma yi aiki kafaɗa da kafaɗa da Victor Olaiya, wanda ya rera wasu waƙoƙin da Miller ya tsara. Abin lura a rayuwarsa shi ne, mafi yawan shekarunsa na ƙuruciya ma'aikacin kamfani ne da rana, makaɗi da dare. Ya yi aiki da Lever Brothers, kamfanin Nigerian Breweries ya turo shi Arewa a shekarun 1950, daga baya ya koma Hukumar Tashoshin Jiragen Ruwa a Ikko, inda ya kafa wa ma'aikatar ƙungiyar kiɗa mai suna Harbours Dance Band. Tun daga nan ya gane cewa babbar ƙungiya ba ta tsayuwa sai da wata hukuma ko kamfani a bayanta.

Shekarar da ta fi cancantar a riƙe a wannan tarihi ita ce 1973, ko da yake ba kasafai masu begen zamanin ke ambatarta ba. A shekarar ce Miller ya jagoranci kafa makarantar koyon kiɗa a Kano, a zamanin Gwamna Audu Baƙo. A garin da kiɗa gado ne, kuma ɗan malami ko ɗan attajiri ba ya kusantar ganga, gwamnati ta buɗe aji inda yaro zai koyi karanta rubutun kiɗa kamar yadda ake koyon lissafi. Wannan ba ƙaramin yunƙuri ba ne. Ƙungiya mai masu busa da yawa ba ta yiwuwa da ji da ka kawai. Dole kowa ya san inda zai shiga da inda zai yi shiru, kuma takarda ce ke gaya masa.

Sai 1977, shekarar FESTAC, bikin al'adun baƙar fata da aka yi daga 15 ga Janairu zuwa 12 ga Fabrairu, Ikko ta ɗauki wasanni, Kaduna ta ɗauki hawan daba. Miller na cikin masu shirya ɓangaren kiɗa. Bayan an watse ya kafa ƙungiyarsa, Great Music Pyrameeds of Africa, wadda ta fara da mutum 12 ta kai 28. A Kaduna ta yi sansani, kuma Costain Club ne wurin da aka fi saninta da wasa. Waƙarsu da ta fi zama a bakin mutane ita ce "Ikon Allah", wadda ta bi abubuwan halitta tana nuna buwayar Mahalicci. Musulmi da Kirista duk sun rera ta, har da waɗanda ba sa jin Hausa.

A daidai nan ne aka haɗe tashoshin ƙasar. Wasu rubuce-rubuce na cewa an kafa hukumar talabijin ta ƙasa, NTA, a 1976, wasu 1977. Dalilin saɓanin shi ne dokar soja mai lamba 24 ta fito a watan Mayu 1977, amma aka mai da aikinta baya zuwa Afrilu 1976. Wanda ke neman ranar haihuwar hukumar, 1977 ya kamata ya riƙe. Haɗewar ce ta ba da damar shirin da aka yi a wata tasha ya fita a duk jihohi lokaci ɗaya, kuma ta wannan hanyar Bala Miller Show ya shiga gidajen Fatakwal da Ibadan da Maiduguri a shekarun 1980.

Masu tuna shirin sukan ce na zamanin baƙi da fari ne. Ba haka ba ne: tashar Jos ta fara watsa hoto mai launi tun 1975. Akwatunan gidajensu ne baƙi da fari. Abin da suke gani shi ne masu busa a jere cikin kaya iri ɗaya, kowa da takardarsa a gaba, su miƙe tare in an zo gaɓarsu, ƙahoni su ɗaga sama, su koma su zauna. Masu ganguna a baya, mawaƙa a gaba, baƙon mako yana jiran a kira shi. Ga yaron Tudun Wada ko Fagge, wannan ne karo na farko da ya ga mutum kusan talatin suna kiɗa ɗaya ba wanda ya take wani, kuma da harshen da ake masa faɗa a gida.

Rushewar ba ta ɗauki lokaci ba. Tsarin tsuke bakin aljihu na 1986 ya karya darajar naira, kayan busa da lasifika da tsirkiyar jita duk daga waje ake sayo su, ga albashin mutum 28 da motar ɗaukarsu. Kamfanoni suka janye tallafi. A 1990 aka fitar da fim ɗin Turmin Danya a Kano, kafin ƙarshen shekarun 1990 kuma fiyanon Yamaha ya mamaye ɗakunan ɗaukar waƙa, yaro ɗaya yana fitar da amon ganga da ƙaho da sarewa da yatsu goma. Dokar 1992 ta buɗe fage ga tashoshi masu zaman kansu, waɗanda suka ga saka bidiyon waƙa ya fi musu araha a kan ɗaukar ƙungiya. Shata ya rasu a 1999, Miller a 2003, Ɗan Maraya a 2015.

Babban rashin shi ne na ajiya. Shirye-shiryen farko da yawa kai tsaye aka watsa su, waɗanda aka naɗa kuwa tsadar kaset ta sa an riƙa goge su ana ɗora sabbi. Abin da ke yawo yau a YouTube da Facebook gutsattsari ne, galibi daga kaset ɗin bidiyo da wani ya naɗa a gida, da faya-fayen garmaho da masu tara tsofaffin waƙoƙi suka adana.