Girafin: Tarihin Bincikensa

Girafin shimfiɗa ce ta sinadarin kabon wadda kaurinta bai wuce ƙwayar zarra ɗaya ba. Ƙwayoyin a jere suke kamar saƙar zuma, kowane gida da kusurwa shida. Irin waɗannan shimfiɗu ne ke hawa kan juna su zama girafait, wato baƙin da ke cikin fensir. A girafait mai kaurin milimita ɗaya akwai shimfiɗa kusan miliyan uku.

An san girafin a lissafi tun kafin a riƙe shi a hannu. A 1947 Philip Wallace, masanin fiziks ɗan Kanada, ya lissafa yadda ilektaron ke tafiya a cikin shimfiɗa guda, don ya fahimci girafait. Sai dai masana da yawa sun ɗauka ba za a taɓa ware ta ba, domin tun shekarun 1930 Lev Landau da Rudolf Peierls suka kawo hujjar cewa jijjigar da zafi ke haddasawa za ta ɓata jerin duk abin da ya kai haka siranta. A 1962 Bajamushe Hanns-Peter Boehm ya ga siraran ɓawon girafait a madubin ilektaron, kuma shi da abokan aikinsa ne suka raɗa sunan girafin a 1986.

Al'amarin ya sauya a 2004 a Jami'ar Manchester da ke Ingila. Andre Geim da Konstantin Novoselov suka riƙa manna salatef a jikin girafait suna ɓantarowa, su ninke, su sake ɓarewa, har ɓawon ya sirance. Wahalar ita ce gano shimfiɗa guda a cikin tarin ɓarɓashi. Da suka shafa ɓarɓashin a kan farantin silikon mai rufin oksayid na nanomita 300, sai siraran suka bayyana a madubin ƙara girma da ɗan bambancin launi. Mujallar Science ta buga sakamakon a watan Oktoban shekarar.

A 2005 rukuninsu da na Philip Kim a Jami'ar Columbia suka nuna cewa ilektaron a cikin girafin na gudu tamkar ba shi da nauyi, kimanin kilomita 1,000 a daƙiƙa. Geim da Novoselov sun karɓi lambar yabo ta Nobel a 2010, sannan a 2013 Tarayyar Turai ta ƙaddamar da shirin bincike na shekara goma mai kasafin yuro biliyan ɗaya.

A 2018 rukunin Pablo Jarillo-Herrero a cibiyar MIT ta Amurka ya ɗora shimfiɗa biyu, ya karkata ɗaya da digiri 1.1, ya sanyaya su zuwa kelbin 1.7, sai lantarki ya ratsa su ba tare da wata turjiya ba. Daga nan bincike ya karkata ga jera siraran shimfiɗu iri-iri da murɗa kusurwar da ke tsakaninsu.