NICMOS da Yaƙin Sanyi a Sararin Samaniya

Hasken infared, wanda William Herschel ya gano a 1800, ido ba ya ganinsa, sai dai jiki ya ji shi kamar hucin ƙarfen maƙeri tun kafin ya yi ja. Na'urorin da ke aiki da shi kan ɗauki hoton tauraro, sannan su tsattsaga haskensa zango-zango, domin kowane sinadari yana da tambarinsa. Babbar matsalarsu ita ce su ma suna fitar da zafi; in ba a sanyaya su ƙwarai ba, nasu hucin ya danne na taurari.

Da farko sinadarin sanyaya ake loda musu. Na'urar hangen taurari ta IRAS, da aka harba a 1983, wata goma kacal ta yi heliyom ɗinta ya ƙare.

Wadda ta fi jawo ce-ce-ku-ce ita ce NICMOS, da Rodger Thompson na Jami'ar Arizona ya jagoranta, aka ɗora wa na'urar Hubble a Fabrairun 1997. An cusa mata daskararren naitirojin da ake sa ran zai kai kusan shekara biyar. Sai ƙanƙarar ta kumbura, wasu sassa biyu suka taɓa juna, zafi ya samu kafar shiga, kyamararta ta uku kuma ta goce daga saiti. Zuwa Janairun 1999 naitirojin ya ƙare ƙarƙaf.

Akwai masu lissafa wannan cikin asarar NASA, amma abin da ya biyo baya bai goyi bayansu ba. A Maris 2002 'yan sama-jannatin jirgin Columbia suka haɗa mata injin sanyaya mai amfani da lantarki da iskar niyon. Ta farfaɗo, idanunta ma suka fi na da kaifi, ta yi aiki har 2008. Ta haka aka tabbatar inji na iya maye gurbin sinadarin da ke ƙarewa.

Na'urar Spitzer ta 2003 ta ci gaba da dogaro da heliyom har ya ƙare a 2009. A na'urar James Webb kuwa, da aka harba ranar 25 ga Disamba 2021, inji ne ke riƙe na'urarta MIRI a digiri 266 ƙasa da sifiri. Wata na'urarta, NIRSpec, tana da 'yan ƙofofi kusan 250,000, tana tantance hasken abubuwa 100 lokaci guda. Da ita aka gano iskar kabon dayoksaid a duniyar WASP-39b a 2022.