Ya Da Zango a Hanyar Gwanja: Yadda Fatake Ke Samun Wurin Kwana a Daji

1.0 Gabatarwa

A Tamale, babban birnin arewacin Gana, akwai unguwar Kaladan wadda aka san ta da barikin soja da kuma filin ƙwallo. Wanda ya zagaya ta da unguwannin da ke kusa da ita, kamar Aboabo, zai riƙa jin Hausa a kasuwa da tasha, alhali kuwa ƙasar ta Dagwamba ce. Asalin wannan al'amari yana komawa ga wata tsohuwar tambaya da kowane ayari ke fuskanta idan la'asar ta yi, wato a ina aka yarda baƙo ya sauke kaya ya kwana? Wannan takarda za ta duba yadda fataken goro suka riƙa warware wannan matsala, da yadda wurin kwana ɗaya ya rikiɗe ya zama unguwa.

2.0 Hanyar Gwanja

Tarihin sarakunan Kano ya nuna cewa a ƙarni na 15, zamanin Sarki Abdullahi Burja da Sarki Yakubu, aka buɗe hanyar fatauci zuwa Gwanja. Cinikin ya bunƙasa ƙwarai a ƙarni na 19, lokacin da Salaga ta zama kasuwar da goron Asante ke haɗuwa da hajar ƙasar Hausa, irin su tufafi da kanwa da kayan fata da dabbobi. Agalawa da Tokarawa da Kambarin Barebari su ne suka fi shahara a wannan sana'a.

Ayari kan tashi daga Kano ko Sakkwato da rani, ya ƙetare kogin Kwara, ya ratsa ƙasar Bargu ta Nikki da Zugu, ko kuwa ya bi ta Sansanin Mango, sannan ya faɗa Yendi, daga nan sai Salaga. Zuwa da dawowa kan ci wata shida har zuwa shekara guda. A shekarar 1826 Baturen nan Clapperton ya gamu da wani ayarin Hausawa a Kayama yana dawowa daga Gwanja, ya ƙiyasta mutanensa sun haura 1,000, maza da mata, da dabbobin kaya kusan haka. Taro irin wannan ba ya shiga cikin gari ya kwana, dole a sama masa fili a waje.

3.0 Zaɓen Zango

Kalmar zango tana da ma'ana biyu a bakin fatake. Ta farko ita ce wurin da ake sauka, ta biyu kuwa tsawon tafiyar da ke tsakanin masauki da masauki. Shi ya sa ake cewa an ci zango, ko an ya da zango.

Shugaban ayari shi ne madugu, wanda ake wa kirari da uban tafiya. A gaba akwai jagaba, shi ne masanin hanya, sannan kuma akwai uban dawaki. Akan tashi da asuba domin a isa masauki tun rana ba ta faɗi ba. Abin da ake fara dubawa shi ne ruwa, domin jakuna da takarkarai ɗaruruwa ba su kwana da ƙishi. Sai ciyawa da itacen girki, sai kuma tsaro. An fi son fili mai sarari wanda ɓarawo ba zai laɓaɓo ba a gan shi ba, musamman a ƙasar Bargu inda 'yan fashi suka yi ƙaurin suna. In an sauka, sai a jera kaya a tsakiya, a ɗaure dabbobi, a kafa bukkokin ciyawa, a hura wuta, a sa masu gadi. Mata su shiga girki, masu goro kuma su kwance huhu su yayyafa ruwa su tsince wanda ya fara lalacewa.

4.0 Daji Ma Yana da Mai Shi

Wani zai ɗauka cewa duk inda babu gida, kowa na iya kwana. A hanyar Gwanja ba haka abin yake ba. Kowane yanki yana ƙarƙashin wani sarki, saboda haka kafin ayari ya iso, madugu kan aika manzo da gaisuwa, wadda kan ƙunshi riga ko rawani ko kanwa. Bayan haka sai a yi cinikin kuɗin fito, wanda ake biya a mashigin kogi da kuma wajen ratsa ƙasa, gwargwadon yawan kaya. Sarkin da ya karɓi gaisuwa shi ke nuna wurin sauka, kuma alhakin tsaron baƙi ya hau kansa. Wanda ya tsawwala kuɗi kuwa, sai fatake su kauce masa a shekara mai zuwa, kasuwarsa ta mutu. Saboda haka kowane ɓangare na bukatar ɗan'uwansa.

A ƙasar Dagwamba akwai ƙarin wani mataki. Ban da sarakunan da ke ƙarƙashin Ya Na na Yendi, akwai tindana, wato mai kula da ƙasa da wuraren tsafinta. Akwai kurmi da itatuwan da ba a sara, don haka baƙon da ya ɗebi itace ba da tambaya ba yana iya jawo wa ayari duka fitina. Hausawa na cewa baƙo raɓa, ɗan gari kaba, kuma madugun kirki ba ya mantawa da wannan.

5.0 Daga Bukka Zuwa Unguwa

Da yake ayari kan sauka wuri ɗaya kowace shekara, wasu fatake sun riƙa tsayawa su gina gida. Su ne suka zama masu masauki, suna ajiye kaya, suna dillanci, suna tafinta. Malamai suka bi su da makarantun allo, aka kafa masallaci, aka naɗa sarkin zango da yardar sarkin gari.

Abubuwa uku suka watsa waɗannan zanguna ko'ina a Gana. Na farko, Turawan Ingila sun ci Kumasi a 1874, ikon Asante a kan Salaga ya karye. Na biyu, yaƙin basasar Salaga na 1892 ya tarwatsa 'yan kasuwa zuwa Kete-Krachi da Yeji da Kintampo da wasu garuruwa. Cikin waɗanda suka tashi har da Alhaji Umaru, malamin nan haifaffen Kano, wanda ya rasu a Kete-Krachi a 1934. Na uku, a 1907 Turawa suka mai da hedkwatar yankin arewa daga Gambaga zuwa Tamale. 'Yan kasuwa suka bi gwamnati, haka ma sojoji da 'yan sanda waɗanda Hausa ce harshen barikinsu. Tun daga lokacin, neman wurin zama ya koma hannun hukuma biyu, wato sarakunan gargajiya na Tamale, irin su Gulkpe Na da Dakpema, da kuma jami'in Turawa mai yanka filaye. Da jirgin ƙasa ya isa Kano a 1911, goro ya koma bin teku ta Legas, doguwar tafiyar ƙafa ta fara ja da baya.

6.0 Kammalawa

Izinin da aka ba ayari na kwana ɗaya bai taɓa zama mallakar ƙasa ba, kuma wannan ya bi jikokin fatake. A 1969 gwamnatin Busia ta kafa dokar korar baƙin da ba su da takardun zama, dubban mazauna zango suka bar Gana, cikinsu har da waɗanda a nan aka haife su. A 2017 kuma gwamnatin ƙasar ta kafa asusu na musamman don raya zanguna, abin da ya nuna an karɓe su a matsayin unguwannin 'yan ƙasa. Ɗalibin da ya ji ana cewa "zongo" a Tamale ko Kumasi ko Ankara, ya sani kalmar nan ce da madugu ke furtawa idan ya ɗaga hannu ya ce a sauke kaya.