Daraja ta Biyu: Muhammad Abduh da Jarrabawar Alimiyya a Azhar

Kafin shekarar 1872, Azhar ba ta san maki ba. Ɗalibi yakan lazimci malami har ya sauke littafi a karɓa masa da ijaza. Idan ya ji ya isa, sai ya zauna jikin wani ginshiƙin masallaci ya fara karantarwa, malamai da ɗalibai su tsare shi da tambayoyi. In ya amsa su zauna, in ya gaza su watse. Ita ma ijazar tana da rauninta, domin akwai wadda ake bayarwa ta wasiƙa, ga wanda bai taɓa durƙusawa gaban shaihin ba.

A wannan shekarar ce Shaihul Azhar, Muhammad al-Mahdi al-Abbasi, ya kafa jarrabawar Alimiyya. Malamai 6 ke titsiye ɗalibi a fannoni 11, wanda ya tsallake kuma a ajiye shi a daraja ta ɗaya, ta biyu ko ta uku.

A 1877 Muhammad Abduh ya zauna gaban kwamitin. Wasu daga cikin malaman sun shigo da niyyar kayar da shi, saboda kusancinsa da Jamaluddin al-Afgani, wanda suke tuhumar ra'ayoyinsa. Al-Abbasi ya tsaya masa, yana ganin ya cancanci ta ɗaya, daga bisani aka daidaita a kan ta biyu. A ganina, abin da darajar nan ta rubuta shi ne sulhun da malaman suka yi a tsakaninsu; iliminsa da himmarsa kuwa sai daga baya suka bayyana, a rubuce-rubucensa da kuma kujerar Muftin Masar da ya hau a 1899.