Asalin alewar Kirsimeti mai siffar sanda

A duk lokacin bukukuwan Kirsimeti, musamman a Amurka, akan ga wata alewa mai lanƙwasasshen kai da ratsin fari da ja, rataye a jikin bishiyar Kirsimeti.

Turawa dai na kiranta candy cane, watau sandar alewa, kuma Kiristoci da dama na ɗaukarta a matsayin wata alama ta addini.

A wajensu, lanƙwasar tana nuni ne da sandar makiyayi, saboda a Linjila an siffanta Yesu Almasihu da makiyayi nagari. Idan kuma aka juya ta, sai ta yi kama da harafin J, wanda da shi sunansa ya fara a Turance.

Farin launin na nufin tsarki, jan kuwa jinin da Kiristoci suka yi imanin ya zubar a kan gicciye.

Tarihi

Labarin da ya fi shahara shi ne cewa a shekarar 1670, shugaban mawaƙan babbar majami'ar birnin Kolon na ƙasar Jamus ya raba wa yara alewar, domin su yi shiru lokacin addu'o'i. Aka ce ya sa an lanƙwasa ta ne don kada a zarge shi da raba kayan kwalama a ɗakin ibada.

To sai dai masana tarihi sun ce babu wata rubutacciyar shaida daga wancan zamanin da ta tabbatar da hakan.

Da farko dai alewar fara ce fat. Sai a wajajen shekarar 1900 ne jan ratsi da ɗanɗanon na'ana'a suka zama ruwan dare, abin da ya sa masanan ke ganin daga baya ne aka jingina mata fassarar launukan.

Amma akwai hannun coci a yaɗuwarta. A shekarun 1950, wani limamin ɗariƙar Katolika, Gregory Keller, ya ƙera injin lanƙwasa alewar domin kamfanin surukinsa, Bob McCormack, a jihar Jojiya ta Amurka.

Kafin nan da hannu ake lanƙwasa ta tun tana da zafi, kuma da yawa kan karye. Injin ne ya ba da damar yin ta da ɗimbin yawa.